Rariya Kafin Gari

A Valdivia ruwan sama ba ya sallama.
Tun watan Mayu yake dukan rufin ɗakin karatu,
ni kuwa ina hawa na uku, kusa da hita mai tari,
ina rubuta alkawari ga mutanen da ba su san ni ba.

Tambayata ɗaya ce:
zuma a kan gyambon kwanciya,
tana rufe shi cikin mako goma sha biyu?
Na faɗi inda zan nema, da harsunan da zan karanta,
da gwajin da zai shiga, da wanda zai tsaya bakin ƙofa.
Rufewar gyambo, na ce, ita ce mudu.
Ba raguwar wari ba, ba daɗin barci ba.
Na danna.
Rajista ta ba ni lamba da kwanan wata,
ta kai maganata inda hannuna ba ya shiga a ɓoye.

Baltasar ya yi dariya cikin gemu:
"Ximena, kin zaɓi rariya tun ba ki ga garin ba."
Na ce, ai abin nufin ke nan.

Takardu dubu biyu da ɗari uku da sha ɗaya.
Yana tankaɗe a teburinsa, ina rairaya a nawa,
ba mai leƙen kwanon wani.
Ran Juma'a mu haɗa, mu yi musu har shayi ya huce.
Sau ɗaya muka sauya hanya,
muka ƙara wani rumbu na harshen Fotugis,
muka koma rajista muka ce: ga rana, ga dalili.
Sha tara suka tsira.
Cikinsu shida ƙanana ne, kamar an auna kogi da cokali.

Abin da ban rubuta a rajista ba:
mahaifina, Eleuterio Catrileo,
shekara arba'in yana kiwon ƙudan zuma a bayan Panguipulli,
yanzu yana kwance, ƙugunsa na dama a buɗe.

Lissafi ya fito daren Talata.
Layin rufewar gyambo ya tsaya tsakiya,
bai ce e ba, bai ce a'a ba.
Amma can ƙasa, layin wari ya karkata wajen zuma,
kyakkyawa, kamar mai kirana da suna.

In na ɗaga shi sama fa?
In na ce shi na fito nema tun asali?
Jimla biyu ce. Mujalla za ta so shi. Baba zai so shi.
Yatsuna har sun fara.

Sai na buɗe lambar nan.
Ga wata Ximena ta wata goma sha huɗu da suka wuce,
ba ta ga sakamako ba, ba ta da abin karewa,
tana duba na ba ƙiftawa.
Na tuna wata ma'aikaciyar jinya a Osorno, ko a ina ma,
da za ta ɗora takardata kan waccan,
ta ga ko ɗinkin ya bi alli.
Alkawari kaya ne, kuma ni na ɗaura shi da hannuna.

Na rubuta: shaida ba ta isa ba.
Wari na bar shi a mazauninsa na biyu,
da gargaɗi a kansa.

Asabar na shiga bas zuwa gida.
"Me takardun suka ce?"
"Sun ce ba su sani ba tukuna, Baba."
"Wata goma sha huɗu a kan wannan?"
Ya yi dariya har tari ya kama shi.
Agogo ya nuna awa biyu ta cika.
Na sa hannu ƙarƙashin kafaɗarsa,
na juya shi ɓangaren hagu.